Wasan Gyare

Ranar walimar ritayar Alhaji Ma'aruf, a wani ɗan zauren taro da ke bayan titin Wendover a birnin Greensboro na Amurka, bai san 'yarsa Khairiyya ta gayyaci Gregory ba, sai da ya hango shi a layin ƙarshe, ya rame, yana riƙe da sanda.

Tare suka taso a Kaduna, tare kuma aka kira su ƙungiyar wasan kurket ta ƙasa, a shekarun da babu mai son tunawa. Duk inda suka je sai an lallasa su. Da zarar an sha kaye, sai masu zaɓen 'yan wasa su birkita ƙungiyar: yau a ɗauki ɗan wannan yanki don a faranta wa wasu, gobe a ajiye shi don kada wasu su yi fushi. A haka aka cire Ma'aruf ana gab da tafiya gasa, aka ba Gregory gurbinsa. Gregory bai roƙa ba, amma bai ƙi ba. Daga nan magana ta yanke a tsakaninsu. Ko da Allah ya sake haɗa su a Greensboro, in sun yi kiciɓis a kanti, kowa sai ya duƙufa duba kaya.

Ma'aruf ya san gabar ta wuce ƙa'ida, ya sha ji a huɗuba. Ya kuma sami labarin cewa Gregory ba shi da lafiya, zai bar garin Summerfield da ke nan kusa ya koma wurin ɗansa a wata jiha mai nisa. In ba su gaisa yau ba, da wuya su sake ganin juna. Duk da haka ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa.

Sai Khairiyya ta miƙe za ta yi jawabi. A nan aka haife ta, Hausarta ta cikin gida ce, amma ta dage da ita za ta karrama mahaifinta. Kalmomin da suka gagare ta, a waya ta nemo fassararsu.

"Babana," ta ce cikin natsuwa, "kafin ya zo Amurka, ya wakilci ƙasarsa a wasan gyare."

Jama'a suka dubi juna. A Turanci sunan wasan da na ƙwaron nan mai kuka ɗaya ne, wayar kuwa ƙwaron ta ba ta.

Can baya Gregory ya fashe da dariya har da tari. "Allah, yarinyar nan ta faɗi gaskiya! Gyare muke. Sai tsalle da ƙara, babu abin da muke tsinanawa."

"Yi wa kanka magana," Ma'aruf ya ji bakinsa ya amsa. "Ni ai a gida aka bar ni."

"Ka gode wa Allah, Alhaji. Ƙwallon farko aka fitar da ni. Muna dawowa ni ma suka ajiye ni, suka ɗauko wani."

"Sau nawa na ce ka daina rufe ido in ƙwallo ta taso?"

"To matso ka faɗa, kunnen ya yi nauyi."

Khairiyya ta dubi mahaifinta a ruɗe. "Dadi, na yi kuskure ne?"

"Ko kaɗan, uwata. Ci gaba."

Ya sauko daga babban teburi, ya ratsa jama'a har baya, ya jawo kujera kusa da Gregory. Ya miƙa masa hannu.

"Greg, ya jikin?"

"Da sauƙi-sauƙi. Zauna da kyau, labarin da tsawo."