Doguwar ko Mai Dogon Zango

Ranar da tsohuwar motar Kafinta ta mutu a tsakiyar titi da gadon mutane a bayanta, makanike ya leƙa injin, ya goge hannu a wando, ya ce, "Sai haƙuri, ta gama aiki." Yayarsa, wadda suka gaji shagon tare, ta ce tunda sayen mai ya ishe su, wannan karon ta lantarki za a kawo. Kafinta bai musa ba. A zatonsa launi kawai zai je ya zaɓa.

Wurin sayar da motocin sai sheƙi yake, har ya ji kunyar garin katakon da ke takalminsa. Wata budurwa mai tabarau ta tarbe su, shi da Yaya.

"Sannunku da zuwa. Baba, tafiyarka tana da nisa a rana?"

"Ya danganta."

"Nauyin kayan fa?"

"Shi ma ya danganta, 'yata. Yau kujera, gobe kabad."

Ta nuna musu motoci biyu, duka farare. Ɗaya doguwa ce, gado zai shige ya kwanta, amma batirinta ƙarami. Ɗayar gajera, sai dai tana cin dogon zango kafin ta nemi caji.

"To a ɗauki batirin wannan a sa wa waccan mana," in ji Yaya.

"Ba a yi, Mama."

"Saboda me?"

Budurwar ta shiga bayani. Kaya mai nauyi na shan caji, zafi na sha, sanyi ma na sha. Hawan tudu na sha, amma gangara tana mayarwa. Kafinta ya yi ta gyaɗa kai, alhali tun daga maganar sanyi aka bar shi a baya. Ya ciro tef ya auna bayan gajerar, ya auna na doguwar, ya dawo ya sake auna gajerar don ya manta. Yaya kuwa cire takalmi ta yi ta haye ciki ta miƙe, wai in ta shiga gado ma zai shiga.

"Yaya, gado ya fi ki faɗi."

"Kai dai auna abinka."

Aka ba shi ya ɗana. Ya danna maɓalli, shiru. Ya sake dannawa, ashe kashewa ya yi. Da ta tashi kuma, sai ta sulale ba ko tari, ya rasa yadda zai gane lafiyarta, shi da ya saba da kunne yake tuƙi. Ya dawo gumi sharkaf.

Suka koma gefe suna shawara. Yaya ta ce gado, ya ce nisa. Da ta dawo kan nisa, shi kuma ya tuna kabad. Can dai ya gaji, ya ɗaga murya ya ce, "'Yata, ki ba mu ta dogon nan kawai." Budurwar ta ce, "Ka tabbata, Baba?" Ya ce ya tabbata, don kansa ya fara sarawa.

Da aka kawo motar ƙofar shago, gajerar ce.

Yaya ta riƙe haɓa. "Ba doguwar muka ce ba?"

Ya kira budurwar. Ta ce ai mai dogon zango ya ce, har ta sake tambayarsa. Ta ce in yana so a canza, ana iya dubawa. Kafinta ya tsaya da waya a kunne, yana neman abin da ya nufa ran nan, bai samo ba. Da zai rantse doguwar ya so, sai kuma ya tuna nisa ne ya fi damunsa.

"Bar ta tukuna," ya ce.

Gado na farko bai shiga ba. Ya zagaya shi, ya karkata shi, a ƙarshe ya kwance ƙafafun da allon kai, ya je gidan mai shi ya ɗaure a can. Daga nan ya koma yin gadaje masu noti, masu gidajen bene har yabawa suke don sun fi sauƙin hawa da su. Kabad ne har yau sai ya ɗauko hayar wata motar. Duk ranar kabad Yaya ba ta yi masa magana sai bayan azahar.