Kunnen Dama na Mahfuz

Mahfuz na cikin ɗaura tukunyar iskar nutso a bayansa atishawa ta ƙwace masa. Monday, abokin aikinsa a 'yan kwana-kwana na Keffi, wanda zai riƙe masa igiya, ya galla masa harara. Dama tun a mota yake mita: mai mura ba ya nutso. Hanci a toshe, ta ina iska za ta bi ta buɗe kunne? Balle mutumin da kunnensa na hagu ya mutu tun wani nutso da ya yi a baya, na daman nan kaɗai ya rage masa.

Wurin tsohon ramin haƙar ma'adinai ne a bayan Agwada, damina ta cika shi maƙil da koren ruwa. Jiya da yamma wani saurayi, Haggai, yana wanke babur a gefe santsi ya kwashe shi, bai sake fitowa ba. Duk yankin kuwa Mahfuz kaɗai aka taɓa turawa Legas ya koyo nutso da tukunya.

Monday ya ce a yi haƙuri, nan da 'yan kwanaki ruwa zai turo gawar da kansa. Gaskiya ya faɗa, Mahfuz ma ya sani sarai. To amma ga uwar saurayin, Lea, tun jiya tana zaune bakin ramin, ko ruwa ta ƙi sha. Ta taso ta durƙusa a gaban Mahfuz, tsohuwa sa'ar mahaifiyarsa.

"Ɗana, ba rai nake roƙo ba, na san ya tafi. Fuskarsa nake so in gani kafin ruwa ya canza min ita."

Wa zai kalli wannan mata ya ce mata mura yake yi? Tsoro yake ji, wallahi, amma ya fyace majina, ya ja gilashin nutso ya rufe fuska, ya yi bisimilla ya shiga.

Ƙa'idar ba wuya. Ka ɗan sauka, ka matse hanci, ka hura a hankali har ka ji kunne ya yi ƙas, sannan ka ƙara gaba. In ya ƙi, ka ɗan hau sama ka sake gwadawa. In ya ƙi gaba ɗaya, ka fito, babu gardama. Da farko kunnen ya buɗe da ƙyar. Karo na biyu, shiru. Ya ɗan hau, ya haɗiyi yawu, ya motsa muƙamuƙi, ya karkata kai, ya sake hurawa. Ko gezau. Ya sake sauka, sai ya ji kamar ana tura masa tsinke a hankali cikin kai.

Nan ne ya kamata ya ja igiya a ɗauke shi. Har ya kai hannu, sai hasken tocilarsa ya faɗa kan wani tafin ƙafa fari fat, maƙale a tsakanin duwatsu, can ƙasa da shi kaɗan. Abin haushi, da tsawonsa biyu ne ma da ya taɓo shi.

Ya tsaya cak yana shawagi. Ya matse hanci ya roƙi Allah, ya hura. Kunnen ya ƙi. Sai kawai ya saki hancin ya nausa ƙasa.

Zafin ya kai inda ya kusa tofar da bakin tiyon iskar da yake shaƙa, sannan ya ji fas, zafin ya ɗauke. Ruwa mai sanyi ya kwarara cikin kansa, ramin ya shiga juyawa, bai san sama ba bai san ƙasa ba. Ya ƙanƙame igiya har jirin ya lafa, ya lalubo ƙafar ya zare ta, ya ɗaure gawar a ƙirji, ya ja igiya.

Da suka fito, mutane suka yi ca a kan gawar. Mahfuz na ganin bakunan mata a buɗe, hannaye a ka, amma ba abin da ke iso masa sai wani gunji kamar na injin niƙa daga nesa. Monday ya dubi jinin da ke gangarowa wuyan Mahfuz daga kunne, ya kau da kai.

Lea ta daɗe tana shafa fuskar ɗanta, tana nan yadda ta san ta. Sannan ta rarrafo ta kama hannayen Mahfuz duka biyu, ta shiga yi masa magana, doguwa, hawaye na zuba. Ya zuba wa leɓunanta ido. Duk inda suka ɗan tsaya, sai ya ce, "Amin, Mama."