Shanun Aji Shida

"Waye ya ce ki jera su a taga?"

Ko gaisuwata Mme Mamoipone, wato Inna Mamoipone, ba ta amsa ba. Tana kwance cikin barguna, hancinta kaɗai ke waje, amma muryar nan da take tsawata wa aji shida tana nan daram.

"Taga akwai rana, Mme," na ce, na ajiye mata kwanon kunun dawa.

"Da hantsi ke nan. Da asuba fa? Sanyi ya shiga ɗanyen yumɓu ya daskare, ki zo ki tarar da ƙafa can, kai can. Ki mayar da su gindin murhu, ki rufa musu buhu. Maseabata, kina jina kuwa?"

Ina jinta. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata, kuma bango ɗaya ne tsakanin ajina da nata, don haka rabin rayuwata jinta nake yi. Tun da ciwon ƙirji ya kwantar da ita aka haɗa mini ajinta da nawa, yara maƙil a ɗaki ɗaya, kowa na tari. Ga Yuni ya shigo, watan da sanyi ke tsananta a duwatsunmu, an gama jarrabawa, saura mako guda a tafi hutun sanyi. A irin wannan makon malami mai hankali waƙa yake sa yara, ko ya ce su zana dutse, shi kuma ya raɓe kusa da murhu. Ni dai na gaji, gajiyar da ko barci ba ya taɓa ta.

Ita kuwa tun kafin a haifi iyayen waɗannan yara take da tsarinta. Kowane ɗan aji shida zai sauka kwazazzabo ya ɗebo yumɓu, ya gina saniya ko sa da hannunsa, a shanya su, ranar rufe makaranta a gasa su cikin busasshen kashin shanu, kowa ya tafi hutu da dabbarsa. Na so in zame bana. Yaran ne suka kai mata ƙarata har gado.

"Na Motlatsi fa?" ta tambaya. "Har yanzu kare yake ginawa ya ce sa ne?"

"Bana ya ɗan yi kama da jaki."

Ta yi dariya, dariyar ta zama tari, na riƙe ta har ya lafa.

A nan muka ji takun doki. Ntate Sekhonyana ne, wato Baba Sekhonyana, ƙanin marigayi mijinta, wanda shanun gidan suka koma hannunsa tun da ƙurar mahaƙar zinariya ta cinye huhun yayansa. Ya leƙo ya gaishe ta daga bakin ƙofa, bai cire hula ba. Da ya juya na bi shi waje, don na san abin da ke cin ta, kuma na san ba za ta roƙa ba. A wajenmu saniya ake yanka wa mamaci ranar binnewa, ta raka shi lahira, fatarta ta zama bargonsa.

"Ntate, ka ga dai yadda take. Maganar saniyar rakiya fa?"

Ya daɗe yana gyara linzami. "Ɓarayi sun kwashe rabi bara, Mme. Abin da ya saura ƙashi ne da fata, ko za su ga bazara ban sani ba. Da me zan yi huɗa? Tunkiya ma dabba ce."

"Matar yayanka ce."

"Na sani. Da ta bar ɗa a gidan, da shi zai tsaya mata. Ni nawa bakunan sun ishe ni."

Na so in zage shi, amma bargon da ke kafaɗarsa ya fi nawa ƙoƙewa. Ya hau dokinsa ya tafi.

Ranar da aka kawo ta gidan miji aka sa mata suna Mamoipone, wato uwar Moipone, 'yar da ake fatan za ta haifa, Moipone kuwa ba ta taɓa zuwa ba. Da na koma ciki ta juya fuskarta bango.

"Na ji shi," ta ce. "Tunkiya. Fatarta ko gwiwata ba za ta rufe ba. Kowa ya isa can da saniyarsa a gaba, da bargonsa a jiki, ni in isa tsirara cikin wannan sanyi. Mijina ya ce wa ya sallamo ki haka?"

"Haba Mme, ke da ba kya fashin coci?"

"Coci daban, sanyi daban. Ina jin tsoro, Maseabata. Je ki sauke shanun nan daga taga."

Na je na sauke su.

Ranar Alhamis da safe na shiga da kunu na tarar ta tafi. Hannunta ɗaya na waje, na mayar mata cikin bargo. A ranar dusar ƙanƙara ta rufe hanyar garin Mokhotlong, babu motar da za ta kai ta ɗakin ajiyar gawa, sai dattawa suka ce a binne ta Asabar.

Juma'a na shiga aji da niyyar in raba sakamako in kore su. Na tarar sun tula kashin shanu a bayan aji, kowa ya kawo nasa daga gida kamar yadda aka saba.

"Ba za a gasa ba bana," na ce. "Kowa ya ɗauki nasa ɗanye."

Ba wanda ya motsa. Puleng, mai bakin ajin, ta miƙe.

"Mme, ɗanye narkewa yake yi in ya jiƙa."

"To ki ajiye shi a ɗaki."

"Mme, da gaske ne tunkiya za a yanka?"

Na ɗauki ashana. Muka fita. Suka jera shanun a ƙasa, suka gina musu ɗaki da kashin shanu, ba su tambaye ni komai ba, don sun ga yayyensu sun yi. Ni ashana kawai na ƙyasta. Wasu suka fashe a wuta, masu su suka yi kuka, aka ba su haƙuri. Da wutar ta ci ta kwanta muka rufe da toka da tsohon kwanon rufi, don sai sun kwana a ciki suke yin ƙwari. Na ce wanda ya damu ya zo ya tone nasa gobe, ni hutuna ya fara.

Asabar maza suka sha wahalar haƙa, ƙasa ta daskare kamar dutse. An yanka tunkiyar. An yi waƙoƙi, an yi addu'a, an mayar da ƙasa, ƙanƙara na ta sauka siriri tana rufe kabarin tun ba mu watse ba. Sai na hango yaran suna gangarowa daga makaranta a jere, kowa ya rungume wani abu cikin bargonsa, fuskoki duk toka.

Ba su gaida kowa ba. Puleng ta fara durƙusawa ta ajiye saniyarta, ta juya kan saniyar ya dubi kabarin. Sauran suka biyo, har waɗanda nasu suka fashe, da rabin saniya a hannu. Motlatsi ne na ƙarshe.

"Sa ne, Mme," ya ce wa kabarin. "Na gyara ƙahon."

Ntate Sekhonyana ya matso ya tsaya a kansu. Ya sunkuya ya taɓa ɗaya, ya janye yatsa da sauri, don da zafinsu aka tono su daga toka. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

Mutane suka wuce wajen abinci. Ni na zauna a kan dutse. Ƙanƙara ta ci gaba da sauka a kan kabarin, ta rufe ko'ina fari, ban da inda garken yake tsaye. Nan ta narke, baƙar ƙasa ta fito a gindin kowace saniya, tana ɗan tururi.