Awartakin Clarrie Toomey

Duk wanda ya taɓa askin tumaki a gonakin da ke kewaye da garin Boorowa ya san ranar gama aiki a gidan Toomey. A sauran gonaki, in an aske tunkiyar ƙarshe, sai mai gona ya fito da giya da naman rago ya ce bismillah. Ka yi kwana goma kana kokawa da tumaki, maiƙon gashinsu ya shige maka har ƙarƙashin farce, sannan a sake ɗora maka tunkiya a faranti! Clarrie Toomey ya ce wannan rashin tausayi ne. Shi kaza yake bayarwa, ƙirjin kaza mai cushe, wanda ya sha hayaƙi a hankali har ya yi jawur.

Matarsa Nerida ta shekara talatin da takwas tana kallon wannan aiki ta tagar kicin, tun yana yi da tsohuwar durom har ya sayo murhun zamani, mai cin ƴan dunƙulallen garin katako. Akwai akwati a gefensa da ake cika wa, wani murɗaɗɗen ƙarfe yana tura su cikin wuta kaɗan-kaɗan, fanka tana hurawa. Maƙwabta sun ce ai yanzu ko jariri zai iya gashi, tunda inji ne ke yi. Su ma suka saya, suka yi ta fitar da kaza busasshiya kamar takalmi.

Gaskiyar magana, gwanintar a hannun Clarrie take. Sai ka ga yadda yake zura siririyar wuƙa ta ɓangare mai kauri, ya buɗe aljihu a cikin tsokar ba tare da ya huda ko'ina ba. Ya cusa cuku da alayyafo da busasshen tumatir da tafarnuwa, ba ya cikawa har ya yi ƙari, ya ɗinke bakin da tsinke uku. Ya jera su bakin aljihun yana kallon sama, ya rufe murfi. Daga nan ba ya buɗewa, ba ya juyawa. Hayaƙin kawai yake karantawa: in ya fito siriri mai shuɗi-shuɗi, lafiya lau, in ya yi fari ya turnuƙe, akwai magana. Nerida ba ta taɓa gaya masa ba, amma ko a ranar aurensu bai burge ta kamar yadda yake burge ta in ya tsaya gaban murhun nan ba.

Awartakinsa na kamun nama kuwa yana rataye a ƙusa can saman ginshiƙin baranda, daidai tsayinsa, shi da yake dogo kamar falwaya. A nan ƙasar, kana iya aron motar mutum, ka ari karensa na kiwo, amma ba ka taɓa awartakinsa a gaban murhunsa. Ko ɗan cikinsa bai isa ba, balle baƙo.

To, a watan Maris ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya dawo daga asibiti da sanda, da hannun da ba ya riƙe ko cokali, da harshe mai nauyi. Likita ta ce ƙafar za ta dawo in ya taka ta, maganar ma haka in ya yi ta. Clarrie ya ƙi. Ya zauna a kujera gefen tagar ɗaki, in ya ji motar baƙi sai ya ja labule. Kunya ce ke cinsa, ba ciwo ba, kuma Nerida ta sani. Mutumin da ke tsayar da kare daga ƙarshen fili da kira ɗaya, yanzu yana tsoron a ji yana lalube wajen faɗin "ruwa".

Ƴarsu Tamsin, wadda ke aikin jinya a garin Young, ta gaji da gani.

"Mama, bayanki zai karye wajen ɗaga shi. Na samo ɗaki a gidan kula da tsofaffi, kusa da ni. Sun ce za su riƙe mana har ƙarshen wata."

"Bari a gama aski."

"Me aski zai canja?"

"Ke dai bari a gama. In bai fito ba ranar, kawo takardar na sa hannu."

A kicin suka yi maganar, murya ƙasa-ƙasa, ƙofa a rufe.

Ranar Juma'a ta gamawa, Nerida ta tashi da shirinta. Ta jiƙa ƙirji ashirin da huɗu a ruwan gishiri tun safe. Ta yanka aljihu, ta cusa, ta ɗinke, hannunta na tafiya kamar ya saba, alhali yau ya fara. Ta cika akwatin da dunƙulen iccen ceri mai ba nama ƙamshi, ta tura murhun har saitin tagar ɗakin, inda ba yadda za a yi mai zaune a kujerar ya ce bai gani ba. Ƙarfe biyu ta jera kajin ta rufe.

Bayan minti biyar ta buɗe murfin, ta leƙa. Ta rufe. Ta sake buɗewa, ta rufe. A karo na uku ta bar shi a wangale, ta tsaya tana gyara hula, zafi da hayaƙi suna ta tsiyayewa sama. Ranta na sosuwa da ɓarnar, amma ta daure. Ta san in akwai abin da zai tayar da mijinta tsaye, to buɗe murfi ne. Ya taɓa korar ƙanin mahaifinta daga baranda a kan haka.

Ta saci kallon taga. Yana nan, yana kallonta. Ta rufe murfin, ta sake buɗewa karo na huɗu, har da fifita hayaƙin da tsumma.

Sai hannun hagu ya ɗago a hankali, ya ja labule.

Nerida ta rufe murfin. Ta zauna a kan matakala. Dabara ɗaya take da ita, ga shi ta ƙare. Ta ji haushinsa, ta ji tausayinsa, ta kuma ji tsoro sosai, don ta san Tamsin na hanya da takarda a jaka.

Wajen ƙarfe uku ƙarar injinan aski ta ɗauke a rumfa. Ba a jima ba masu askin suka hauro su shida, riguna sharkaf da gumi, shugabansu Wal Dunstan a gaba. Wal gajere ne mai faɗin kafaɗa, bayansa ya ranƙwafa saboda shekara talatin na sunkuyo a kan tumaki, kuma ashirin daga ciki ya ci kazar gidan nan. Kowa ya zaro kwalbar giya daga kular ƙanƙara, suka yi abin da maza ke yi in sun ga murhu: suka kewaye shi.

"Ina tsohon?" in ji Wal.

"Yana hutawa."

Wal ya dubi labulen, ya dubi Nerida da jajayen idanunta. Ya kurɓi giyarsa. Can sai ya ɗaga murya, fiye da yadda ake buƙata tsakanin mutanen da ke tsaye wuri ɗaya.

"Kai, Nerida, wannan wuta ce ko numfashin kyanwa? Digiri ɗari da goma? A haka sai Kirsimeti za mu ci!"

"Haka yake sa ta, Wal."

"Shi ya sa muke ramewa duk shekara. Matsa ki gani. A kai ta ɗari biyu da hamsin, a juya su sau biyu kamar tsiran nama, minti goma an gama. Dempsey, miƙo cokali mai yatsu mu soka mu ga ko ta yi."

Dempsey, wani dogon mai aski da ya san gidan, ya zaro ido. "Wal, kana cikin hankalinka kuwa?"

Wal bai kula shi ba. Ya yi ɗage, ya miƙa hannu saman ginshiƙi, ya sauko da awartakin. Ya kaɗa shi sau biyu, ƙyas-ƙyas, yadda kowane namiji ke yi in ya riƙe shi. Ƙarar ta ratsa barandar. Ba wanda ya ƙara kai kwalba baki.

Ya ɗaga murfin ke nan, sai ƙofar raga ta yi ƙara.

"Ajiye."

Kalmar ta fito a karkace, da nauyi, amma ba wanda bai gane ta ba. Clarrie na tsaye bakin ƙofa, sanda a hannun hagu, silifas a ƙafa, gashi a hargitse. Taku goma sha biyu ne daga ƙofar zuwa murhun. Nerida ta ƙirga su a ranta, ta danne hannayenta a cinya don kada ta tashi ta tare shi. Masu askin ma sun san abin da ya dace: kowa ya sami wani abin kallo, wannan kare, wancan sama, har ya iso.

"Ka juya ... cukun ya zube," in ji Clarrie, yana haki. "Jaki."

"Au, haka ne?" in ji Wal, fuskarsa kamar bai san komai ba. "To ai da ka faɗa tun ɗazu, tsoho. Mu me muka sani ban da gindin tunkiya?"

Ya miƙa masa awartakin. Clarrie ya jingina sandar da ginshiƙi, ya karɓa da hagu. Ya yi ƙoƙarin matsewa. Yatsun ba su saba ba, ƙarfen ya suɓuce, ya faɗi ƙasa da ƙara mai muni.

Nerida ta ga wuyansa ya yi ja, ta ga idonsa ya koma kan ƙofa. Ta san in ya juya yanzu, ba zai sake fitowa ba har abada. Ta tashi, ta ɗauki awartakin, ta goge da gefen rigarta, ta miƙa masa kamar ba abin da ya faru.

Bai karɓa ba. Kajin yake kallo, yadda aka jera su, bakin kowane aljihu a sama, tsinke uku-uku, ba ɗaya da ya hudu. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yanka?"

"Ni."

"Wa ya koya miki?"

"Taga."

Gefen bakinsa mai lafiya ya motsa. "Wadda ta iya wannan yankan ... ba ta buɗe murfi sau huɗu."

"Sau biyar na yi niyya, ka ja labule."

Dempsey ya tuntsire da dariya, sauran suka bi. Clarrie ya sa bayan yatsansa na hagu ya danna ƙirji ɗaya, ya danna wani, ya shaƙi iskar. "Na bayan nan uku ... sun fi kusa da wuta. Dawo da su gaba." Ya tura hannunta da awartakin zuwa murhun. "Riƙe. Kar ki matse. Ɗauka kamar ƙwai."

Haka aka yi, a gaban maza shida da kare. Ita ce hannu, shi ne ido da hanci. Aka rufe murfi, aka jawo masa kujera, ya zauna yana tsaron hayaƙin har ya koma siriri mai shuɗi. Ya zagi Wal sau uku, kowane zagi ya fi na baya fita sarai. Bayan minti arba'in ya ce a sauke. Nerida ta soka ma'aunin zafi don ta tabbatar, ya nuna digiri saba'in da huɗu cif. Ko kallon ma'aunin bai yi ba.

Ya sa aka jira minti goma kafin a yanka, duk da ƙorafin Wal. Da wuƙa ta shiga, cukun ya tsaya a wurinsa, laushi amma bai gudu ba, ga zoben ja siriri a gefen naman inda hayaƙi ya ratsa, ruwa na tsatsafowa. Kowa ya duƙufa kan farantinsa.

Ana cikin haka motar Tamsin ta tsaya. Ta hauro da jaka a kafaɗa, ta yi turus da ta ga mahaifinta a baranda yana nuna Dempsey da sanda.

"Baba?"

"Zo nan." Ya jira ta matso. "Gidan nan da kika samo mini a Young ... ana barin mutum ya yi hayaƙi?"

Tamsin ta dubi uwarta. Nerida ta ji kunya ta rufe ta. Ashe ƙofar kicin ba ta ɓoye komai ba, ya yi sati uku yana zaune da maganar shi kaɗai.

"A'a, Baba. Ko kyandir ba a kunnawa."

"To ki ba wani. Ɗauki faranti."

Da aka gama, Nerida ta wanke awartakin ta zo ratayewa. Ta yi ɗage, ta miƙe iyakar tsayinta, saura kamar taƙi ɗaya ta kai ƙusar. Tana neman akwatin da za ta taka, sai ta ji muryarsa a bayanta.

"Wal. Kafin ka tafi, ɗauko guduma. Sauko da ƙusar nan ƙasa. Ba ta kaiwa."