Macijin Goshin Mota

Zargi mugun ciwo ne, kuma mai shi yake fara ci. Shi ya ci Isiyaku.

Isiyaku mai fenti ne a wata warsha ta gyaran tsofaffin motoci a unguwar Sulay, can ƙasar Larabawa. Ɗakinsu ɗaya da Sha'aban mai buga bodi, ɗan garinsu, wanda ya samo masa aikin. Suna zaune lafiya har ranar da aka fara raɗe-raɗin wai kafil, mai warshar, iƙamar mutum ɗaya, wato takardar izinin zama, zai sabunta a cikinsu. Tun daga nan ko tari Sha'aban ya yi sai Isiyaku ya nemi ma'anarsa.

Ana haka kafil ya kawo wata tsohuwar motar Italiya ta mahaifinsa, ya ce a tashe ta. Kafin fenti akan cire tambarin goshi. Sha'aban ya cire, ya naɗe a farin ƙyalle, ya taho da shi ɗaki don kada ya yi ƙafa a warsha.

Isiyaku ya ga ana tura abu ƙarƙashin katifa.

"Mene ne wannan, Sha'aban?"

"Tambarin motar ne. Zo ka gani."

Ya leƙa. Gefe guda jan gicciye, ɗaya gefen maciji da kambi a kai, ga mutum rabi a bakinsa ya ɗaga hannuwa. Mutumin ja. Isiyaku kuwa jatau ne.

"Wa ake haɗiyewa?"

Sha'aban ya tuntsire da dariya. "Kai, Jatau! Gicciyen tutar garin da aka ƙera motar ce, Milan. Macijin kuma alamar gidan sarautarsu na da. Kamar dagin Arewa da ke jikin hularka. Wasu ma sun ce fitowa yake, ba shiga ba."

"Ka san tarihin maciji sosai."

"Kafil ya gaya mini."

"Au, har hira kuke yi?"

Shi ke nan. Kai ya sara masa, ya ce macijin ne. Fenti ya ɗiga, ya ce macijin ne. Ya daina cin tuwon Sha'aban. Me ya sa farin ƙyalle? Me ya sa katifar da ke daura da kansa?

Ranar Juma'a Sha'aban ya tafi kasuwar Aziziya sayo albasa. Isiyaku ya ɗaga katifa, ya tafi warsha da abin, ya yi tofi, ya kunna wutar walda ya zuba masa har maciji da mutum suka zama dunƙule ɗaya. Ya ji ƙirjinsa wasai.

Washegari da kansa ya ajiye dunƙulen a gaban kafil. "Sihiri ne, ya sheikh. Na karya shi."

Kafil ya daɗe yana juya abin a tafin hannu. Ya ce tun yana yaro shi ke goge wa mahaifinsa shi kowace safiya.

Sha'aban ya ce, "Ni, Isiyaku? Ni da na tsaya maka?"

Kafil ya ce da ma su biyun ya yi niyyar riƙewa, amma yanzu halas, ya gama da Isiyaku.

Isiyaku ya rasa aiki, ya rasa iƙama, ya rasa ɗaki. Ya rasa Sha'aban, wanda ya ɗaukar masa jaka har bakin mota, ya ajiye ta ya juya.