Jirgin Baba Garba Ya Iso Gaɓa

"Riƙe mini hannun nan, Mastura, ya daina jin maganata."

Mastura ta ajiye kwanon kunu ta durƙusa gefen katifa. Tun da ta tare a unguwar Hindawiyya take maƙwabtaka da Baba Garba, tsohon mai fentin jirage a tashar ruwa ta Jidda, kuma ba ta taɓa shiga ɗakinsa ba ta ji warin fenti ba. Ragowar fentin tasha yake kwasowa yana zane a jikin katako. Zanen kuwa kullum ɗaya ne: ƙaramin jirgin katako a tsakiyar Bahar Maliya, igiyar ruwa ta miƙe a kansa kamar katangar gida. Ba ya zana mutane, ya ce ba ya son a tambaye shi ransu gobe kiyama.

Ta sha tsokanarsa. "Baba, jirgin nan naka ba shi da iƙama ne, takardar zama? Har yau bai shigo Jidda ba."

Dariya kawai yake yi. Sai da ciwo ya kwantar da shi ya gaya mata dalili. Yana yaro suka taso a jirgin ruwa daga Sawakin ta ƙasar Sudan da innarsa. Guguwa ta kama su, ta ɗaure shi a jikinta da zani har ruwa ya lafa. Ana hango ƙasa, innar ta cika.

"In ban zana gaɓa ba, tana ciki da ranta," ya ce.

Mastura ta ji tausayinsa har ta kasa cin abinci ranar. Tsoronta kada tsohon ya tafi ya bar kansa da innarsa a cikin guguwa.

Yau ga shi ya sa an buɗe gwangwanin fenti rawaya, wanda bai taɓa taɓawa ba. Ta tallafi wuyan hannunsa, ba nauyi ko kaɗan. A hankali suka ja siririn layi a can ƙarshen katakon, ya ɗan karkace.

"Baba, ka tabbata?"

"Halas, ya isa, 'yata. Ta gaji da ruwa. Ni ma zan sauka, mu ƙarasa tare."

Bayan la'asar ya rasu, fuskarsa a sake.

Da maza suka fita da shi, Mastura ta koma rufe taga. Ta kai yatsa kan layin. Fentin bai bushe ba tukuna.