Muryar Inna a Tsohuwar Waya

Wayar Maliki ta tsufa har ta zama abin tsokana a ƙofar ma'aikatar da yake sayar da lemo da ayaba. Da kyauro aka ɗaure bayanta, batirin ya kumbura, sai an lallaɓa ta take ɗaukar caji. Amma ko da wasa ba ya barin a taɓa ta, don muryar Innarsa na ciki. Sallar ƙarshe da ya je gida ya ɗauki muryarta tana sa wa 'ya'yanta albarka. Kafin damina ta faɗi, Allah ya yi mata rasuwa.

Hajiya Nafeesa, ma'aikaciyar da ba ta wuce teburinsa ba ta sayi lemo ba, ta tarar da shi wata rana yana jijjiga wayar don ta fara ɗaukewa, gumi na keto masa. Da ta ji dalili sai ta ɗora kwamfutarta a kan bencinsa.

"Malam Maliki, kunna bulutut ka turo min muryar nan in adana maka. Ba sai da igiya ba, ba kuɗin kati."

Maliki ya damƙe wayar a ƙirji. Shi dai abin da ya sani, in ka tura wa mutum katin waya, naka ya tafi ke nan.

"Hajiya, ki yi haƙuri. In na tura miki Inna, ni kuma in zauna da me?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta tura masa hoton ɗanta, ta nuna masa nata yana nan daram.

"Ka gani? Ai kamar ɗiban wuta ne a murhun maƙwabta. Kai ka samu, tasu ba ta mutu ba."

Sai da ya yi bisimilla kafin ya danna. Jim kaɗan muryar tsohuwa ta fito daga kwamfutar, tar da ita, har da kukan zakaran gidansu a baya. Maliki ya duba tasa, Inna na nan. Daɗi ya kama shi, ya cika wa Hajiya leda da lemo, ta ƙi karɓa, ya rantse.

Ba a rufa mako ba wayar ta mutu murus. Maliki ko a jikinsa. Ya sayi wata, Hajiya ta mayar masa da abinsa.

Da yamma ya hau tudun Mpape wurin ƙaninsa Abdulhakim, mai fasa dutse, wanda aiki ya hana zuwa gida waccan sallar, kuma abin yana cinsa har yau. Maliki bai taɓa kunna masa ba, don tsohuwar wayar sai a kunne ake jin ta, shi kuwa ba ya sakinta. Ya ce ya kawo wayarsa, ya tura masa.

Abdulhakim ya zauna a kan dutse yana saurare, hannunsa fari fat da ƙura. Can sai Inna ta ce, "Shi kuma autana Abdulhakim, na san aiki ne ya riƙe shi. Allah ya yi masa albarka."

Ya ɗago, idonsa ya cika.

"Yaya, ashe ba ta yi fushi da ni ba?"

Maliki ya ce, "Sake kunnawa. Yanzu taka ce."